Fasa-ƙwaurin buƙata a sabar yanar gizo: kurakuran da na gaji da gani

Tun 2005 masu bincike na kamfanin tsaron intanet Watchfire suka bayyana wannan rauni na ɓoye buƙata a cikin wata, James Kettle na kamfanin PortSwigger ya sake tono shi a 2019, amma har yau sababbin masu kula da sabar suna faɗawa rami ɗaya.

Inda sabar biyu ke aiki tare, ta gaba ce ke karɓar buƙatun jama'a, wato saƙonnin da burauza ke aikowa, ta jera su a layi guda zuwa ta baya. In buƙata ta zo da Content-Length da Transfer-Encoding a tare, wato bayanai biyu na kan saƙo da kowanne ke nuna inda saƙon ya ƙare, ta gaba ta bi wannan, ta baya ta bi wancan, sai su saɓa kan inda saƙon ya ƙare. Ragowar takan maƙale a layin, ta manne wa buƙatar wanda ya biyo baya.

Babban kuskure shi ne barin sabar ta yi wa buƙata mai fuska biyu uzuri, wai kada a kori kwastoma. Wane kwastoma? Burauza ta gaskiya ba ta aiko irin wannan saƙo! Na taɓa kwana ina bin bayanan aikin wata sabar saboda mutum ya buɗe shafinsa ya tarar da bayanan wani daban. Ta gaba ta rubuta buƙata ɗaya, ta baya ta rubuta biyu, ba wadda ta nuna alamar matsala. Tun daga nan, duk buƙatar da ta zo da Content-Length da Transfer-Encoding a tare, ko da Transfer-Encoding mai tazara ko baƙin harafi, lambar ƙin karɓa ta 400 nake mayar mata, in rufe layin nan take. RFC 9112 ta 2022, takardar ƙa'idar HTTP/1.1 da burauza da sabar ke magana da ita, ita ma ta wajabta rufe layin bayan irin wannan buƙata.

Sai masu cewa sun kunna HTTP/2, sigar da ta biyo bayan HTTP/1.1, sun huta. Ku duba da kyau. In sabar gaba na mayar da shi HTTP/1.1 kafin ya isa baya, ƙofar tana nan a buɗe, kuma Kettle ya nuna haka a 2021. Ni HTTP/2 nake bi har ƙarshen layi. Inda ya gagara, na gwammace in hana sake amfani da layin baya, ko da aiki zai ɗan yi nauyi.

Katangar tace hari ba magani ba ce, ita ma karanta saƙo take yi da tata fahimtar. Sabunta manhaja kuwa ba a ja masa rai: masu manhajar sabar Apache sun toshe wani rauni irin wannan, mai lamba CVE-2023-25690, a siga 2.4.56. Kuma don Allah kada ku yi gwaji a sabar da jama'a ke kai, domin buƙatar mutanen da ba su ji ba su gani ba za ku lalata.