Yadda ake ɗaukar hoton FAPI don bibiyar tabon huhu

Hoton CT tabon da ya riga ya zauna yake nunawa, ba ya faɗin ko ciwon na ci gaba. Wannan aikin FAPI ne, sinadarin da masu bincike na Heidelberg a Jamus suka fito da shi a 2018. Yana maƙalewa a jikin ƙwayoyin da ke kan aikin saƙa tabo, sai na'urar PET, mai ɗaukar hoton hasken da sinadarin ke fitarwa a jiki, ta gano su.

Kada a sa marar lafiya azumi. Ma'aikata da yawa sun saba da hoton FDG, sinadarin PET mai kama da sukari, sai su hana shi abinci na awa shida ba gaira ba dalili. FAPI ba ruwansa da sukarin jini. Ya sha ruwa, ya yi fitsari kafin ya hau gado.

Galiyom-68, sinadari mai fitar da haske da ake haɗawa da FAPI, na rasa rabin ƙarfinsa duk minti 68, don haka a kira marar lafiya ya iso kafin a haɗa maganin; jira asarar kuɗi ce. A yi allurar MBq 100 zuwa 200 (MBq ma'aunin ƙarfin maganin ne) ta jijiya, a auna abin da ya rage a sirinji, a rubuta lokaci daidai. A ɗauki hoto bayan awa ɗaya.

Numfashi ne ke ɓata aiki. Tabon ya fi zama a gindin huhu, dab da haƙarƙari, inda motsi ya fi yawa. Idan aka ɗauki CT mutum ya cika ƙirji da iska, PET kuwa yana numfashinsa na kullum, hotunan biyu ba za su hau kan juna ba, hanta ta shigo hurumin huhu, lissafin SUV, wato ma'aunin yawan maganin da nama ya ɗauka, ya lalace. A ce masa ya yi numfashi a hankali a duka biyun. Mai tari a ba shi lokaci ya natsu, kada a gaggauta shi. Haka kuma huhu mai tabo ya fi lafiyayye cunkushewa, iska kaɗan nama da yawa, sai ya yi haske ko da ciwon ya lafa. Dole a gyara lissafi da kaurin naman da CT ya nuna.

Ba kowane haske ne tabon huhu ba. Tarin fuka, raunin tiyata, karayar haƙarƙari da cutar kansa duk suna ɗaukar FAPI, a tambayi tarihi.

Hoto na biyu, bayan fara maganin tabon huhu irin su nintedanib ko pirfenidone, a yi shi da na'ura ɗaya, jira ɗaya da na farko, a kwatanta da gwajin ƙarfin numfashi.