Yadda ake kwana cikin dusar ƙanƙara a ɗakin bayan a-kori-kura

A Amurka da Kanada akwai ƙaramin ɗaki da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, wanda rufinsa yake kwance yayin tafiya, sai an isa masauki a tura shi sama, tamfol ɗin da ke kewaye ya miƙe har mutum ya iya tsayawa a ciki. Kamfanin Four Wheel Campers na jihar Kalifoniya yana cikin waɗanda suka daɗe suna ƙera irinsa. Rashin nauyi ne abin sonsa, sai dai tamfol ba bango ba ne, kuma a hunturun jihar Kolorado ta Amurka ko lardin Alberta na Kanada ta nan ɗumin ɗaki yake zurarewa, shi ya sa ake liƙa masa wani shafi mai kauri daga ciki.

Kafin a bar gida a tsiyaye duk ruwan da ke cikin tanki da bututu, domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, ya fasa famfo. Ruwan sha a zuba shi a jarka, a ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

Ita wannan na'ura da gas take aiki, amma fankarta daga batir take ci, kuma da yawa sun farka da asuba suna rawar ɗari alhali tukunyar gas cike take, batir ne ya mutu. Mai batirin lithium ya kiyaye kada ya yi masa caji idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Selshiyas, don hakan yana lalata shi. Kada a kuskura a bar risho ko murhun girki a kunne a kwanta. Iska mai guba da wutarsu ke fitarwa tana kashe mutum a rufaffen ɗaki, kuma ba ta da wari, saboda haka dole a saka na'urar da ke yin ƙara idan iskar ta taru.

A ganina, raɓa ta fi sanyin kansa wahalarwa. Numfashin mutum biyu cikin dare ɗaya ya isa ya jiƙa rufi, da safe a ga ƙanƙara ta yi fari a jikin ƙarfen taga, ƙarƙashin katifa kuma ya yi sharkaf. Maganinta shi ne a bar kafar iska ta sama a ɗan buɗe, ko da rai ba ya so, sannan a riƙa ɗaga katifa da rana ta sha iska.

Idan dusar ƙanƙara ta kwana a kan rufi, a share ta da doguwar tsintsiya kafin a sauke shi, domin nauyinta yana iya rinjayar hannu rufin ya faɗo a ka. Da an dawo gida a sake ɗaga rufin, a bar tamfol ya bushe sarai kafin a ninke, in ba haka ba funfuna ce za ta ci shi kafin bazara.