Yadda Shugaban Ɗakin Haihuwa Zai Kula da Ma'aikatansa Domin Kare Uwa da Jariri

Duk wanda aka ɗora wa shugabancin ɗakin haihuwa ko sashen yara ya kamata ya san cewa yawancin abubuwan da ke hallaka mai jego da jaririnta a hankali suke shigowa. Zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, ana lissafa shi ne daga mililita 500 cikin sa'o'i 24 na farko, kuma sau da yawa yakan fara da ɗiga kaɗan-kaɗan. Babu mai gano shi da wuri sai ungozomar da ke da sauran ƙarfin komawa bakin gado ta taɓa cikin matar, ta ji ko mahaifa ta tsuke, ta duba zanen da ke ƙarƙashinta. Wadda ta kwana ta wuni a tsaye tana iya mantawa da wannan komawar, ko da kuwa ta fi kowa tausayi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idoji takwas na ingancin kula da uwa da jariri da ta fitar a 2016, ta ware guda ɗaya ga samun ƙwararrun ma'aikata masu ƙwarin gwiwar aiki.

A fara da jadawalin aiki, domin a nan ne gajiya take samo asali. Shugaba ya ɗauki rajistar haihuwa ta 'yan watannin baya, ya duba ranaku da sa'o'in da naƙuda ta fi yawa, sannan ya raba ma'aikata bisa wannan nauyin maimakon raba su daidai wa daida a kan takarda. Kada a bari mutum ya haɗa aikin rana da na dare a jere, kuma kada zaman aiki ya riƙa wuce sa'o'i 12, saboda kuskure yana ƙaruwa yayin da sa'o'i ke tsawaita. Bayan jerin aikin dare a ba da hutu na gaske, wanda ba a kiran mai shi a waya. A fitar da jadawalin da wuri, a kuma yarda ma'aikata su yi musanya tsakaninsu da sanin shugaba, domin su ma suna da 'ya'ya da marasa lafiya a gida. A ganina, adalci wajen rabon aikin dare ya fi kowace takardar yabo tasiri, domin ma'aikaci yana iya jure wahala, amma da wuya ya jure ganin cewa shi kaɗai ake ɗora wa ita.

A cikin zaman aikin ma a tanadi wurin zama, ruwan sha, bayan gida mai tsabta, da wanda zai riƙe wa ungozoma marasa lafiyarta na ɗan lokaci. A tsara miƙa aiki a bakin gado, a faɗi halin da kowace mace take ciki, abin da aka yi mata, da abin da ake jin tsoro.

Kayan aiki ma suna cikin kula da ma'aikaci. A duba kowace safiya cewa akwai allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke don tsayar da zubar jini, a cikin firji, akwai maganin jijjigar masu ciki, akwai safar hannu, kuma jakar hura wa jariri iska tana aiki, tunda jaririn da bai yi numfashi ba ana so a fara taimaka masa cikin minti ɗaya na farko. Kowane ma'aikaci ya samu rigakafin ciwon hanta nau'in B, kuma wanda allura ta soke shi ya san inda zai karɓi maganin kariya daga ƙanjamau nan take, kafin cikar sa'o'i 72.

Abin da ya fi wuya shi ne ranar da aka rasa uwa ko jariri. Tsarin bitar mace-macen mata masu juna biyu da jarirai da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙarfafawa ya ginu ne a kan rashin ambaton suna da rashin ɗora laifi, kuma wajibi ne shugaba ya riƙe wannan da gaske. Idan zaman bita ya koma kotu, ma'aikata za su koyi ɓoye kuskure da gyara rubutun fayil, sai a rasa sanin ainihin inda aka samu jinkiri, matsalar kuma ta sake faɗa wa wata matar. Tambayoyin da suka dace su ne: yaushe aka fara ganin alamar, wa aka kira, me ya hana shi zuwa, wane magani ne babu? Kafin ma a kai ga bitar, a zauna da ungozomar da abin ya faru a hannunta, a saurare ta, a ba ta ɗan lokaci kafin ta karɓi wata naƙudar. Mutuwar jariri tana bin ma'aikaciya har gida, kuma wadda ba a taɓa tambayarta yadda take ji ba ita ce wata rana za a ji tana daka wa mai naƙuda tsawa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar zuciya saboda aiki, wato matsananciyar gajiyar jiki da ta rai, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, janye zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Shugaba ya sa ido a kansu, musamman ga ma'aikaciyar da aka sani da fara'a amma ta koma shiru, ko ta fara yawan neman hutun rashin lafiya. Ya kira ta a keɓe, ya rage mata aikin dare na ɗan lokaci, idan kuma abin ya yi zurfi ya haɗa ta da likitan da zai duba ta cikin sirri.