Yadda ake sanyaya ido da ruwan wardi a lokacin hunturu

Da zarar hunturu ya sauka a Kumasi wajen watan Disamba, ƙura ta turnuƙe Aboabo da Asawase, sai ido ya kama ƙaiƙayi kamar an watsa masa yashi. A nan ne hajiyoyinmu na Zango ke ciro kwalbar ruwan wardin da suka yo tsaraba daga Makka. Suna ji da shi, tunda da shi ake gauraya Zamzam wajen wanke Ka'aba, ga kuma wardin Ɗa'ifa da ya yi suna.

Aikin farko yana kan kwalbar. Na asali tururin furen wardi ne da aka tara ya koma ruwa, garai-garai yake, ƙamshinsa ba ya hawa kai. Da yawa cikin na kasuwa kuwa an zuba musu turare da kala, wasu har da sinadarin giya. Karanta jikin kwalbar, in ka ga ƙari ajiye ta. Sai ka ɗiga kaɗan a bayan hannu ka bari ya kwana. In fata ba ta yi ja ba, bismillah.

Saka kwalbar a firiji ta ɗauki sanyi. Wanke hannu da sabulu, a goge kwalli tas. Jiƙa auduga biyu masu tsabta, ka matse su kada su riƙa ɗiga, ka kwanta rigingine, ka rufe ido, ka ɗora kowace a kan fatar ido ɗaya na kamar minti 10. Audugar dama ba ta komawa hagu, kuma da an gama sai shara.

Inda nake saɓawa da iyayenmu, Allah ya ƙara musu lafiya, shi ne ɗigawa cikin ido. Kwalbar da aka buɗe ta shekara a cikin adaka tana iya tara ƙwayoyin cuta, ido kuwa ba ya ɗaukar wasa. A tsaya a kan fata. Sanyin ne ke rage kumburi da gajiya.

In ido ya kaɗa ya yi jawur, kwantsa na manne shi da safe, wataƙila Afolo ce, wadda ta fara ɓulla a nan Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo na Amurka ya sauke mutum a duniyar wata, daga nan cutar ta samo sunanta. Tana yaɗuwa ta hannu da tawul, ruwan wardi ba ya kashe ta. Zafi mai tsanani ko gani dishi-dishi, musamman ga jariri ko mai ciwon sukari, sai sashen ido na asibitin Komfo Anokye a ranar.