Matakan Neman Digirin Digirgir a Likitancin Dabbobi

Masu yawan tambayata yadda ake shiga wannan karatu a jami'a irin ta Ahmadu Bello Zariya, ga amsa:

1. Kammala digiri na biyu tukuna.
2. Zaɓi cuta ɗaya, kamar sammore ko ciwon huhun shanu. Kada ka kwaso duk cututtukan garke, ba za ka gama ba.
3. Nemi malamin da zai duba aikinka.
4. Rubuta tsarin bincikenka.
5. Nemi takardar sakamakonka da wuri, ita ce mai jan ƙafa.
6. Cike fom ta intanet.
7. Karɓi izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji kafin ka ɗebi jinin ko akuya ɗaya.
8. Raba jinin da ka ɗiba a firiza biyu, a wurare daban. Hattara! Ni wuta aka ɗauke kwana uku, duk abin da na tara a mayanka ya lalace.