Yadda Ake Sa Ido Kan Wutar da Cibiyar Adana Bayanai Ke Ci

Mitar kamfanin wuta jimilla kawai take nunawa, don haka wanda yake son sanin inda wuta ke tafiya sai ya ƙara ƙananan mitoci a cikin ginin cibiyar adana bayanai, wato wurin da ake tara manyan kwamfutoci masu ajiye bayanai. A sa ɗaya a babban allon rarraba wuta, ɗaya a inda wuta ke fitowa daga na'urar UPS (wadda ke ci gaba da ba kwamfutoci wuta idan an ɗauke), wata kuma a kan na'urorin sanyaya ɗaki, domin sau da yawa a nan asara take ɓuya. Ƙwararren mai aikin lantarki ne kaɗai ya kamata ya ɗaura su.

A saita mitocin su riƙa aika karatu zuwa kwamfuta guda kowane minti 15, a kuma bambance kilowat, wato nauyin da ake ja a take, da kilowat-awa, wato abin da aka ci cikin tsawon lokaci.

Daga nan sai a lissafa ma'aunin ingancin amfani da wuta da ake kira PUE, wanda ƙungiyar The Green Grid ta fito da shi a 2007: a raba dukkan wutar cibiyar da wadda kwamfutoci kaɗai suka ci. Idan sakamakon ya kai 2, rabin wutar bai isa ga kwamfutocin ba ke nan, kuma a ganina ɓangaren sanyaya ya kamata a fara bincika. Lissafin shekara guda ya fi aminci, tunda karatun lokacin bazara ya kan sha bamban da na hunturu.