Yadda ƙungiyar gama-kai ta gidaje za ta karɓi hannun jari da sunan amanar iyali

Akan kawo wa ƙungiyoyin gama-kai wannan buƙata: 'yan'uwa sun haɗa kuɗi, ko uba na son hannun jarinsa ya zauna da sunan iyali gaba ɗaya. A karɓa, amma da sharuɗɗa a rubuce.

A fara da kundin ƙa'idojin ƙungiya. In bai ambaci amana ba, wato mutum ɗaya ya riƙe hannun jari a madadin iyali, sai babban taro ya yi gyara, a kai wa ofishin rajistar ƙungiyoyin gama-kai na jiha. Gyaran da bai samu rajista ba ba ya aiki.

A littafin mambobi, sunan mutum ɗaya za a rubuta, wato amintaccen da iyali suka zaɓa. Shi ke zuwa taro, ƙuri'arsa ɗaya ko da mutum ashirin ne a bayansa, shi kuma ake bi in zubin wata ya makara. A lura kada gida ɗaya ya raba sunaye ya tara fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin ƙungiya, iyakar da doka ta sa wa mamba.

Takardar amanar ta faɗi masu rabo da kason kowa, wanda zai zauna a gidan, ko an yarda a sa haya, da wanda zai maye gurbin amintacce in ya rasu ko ya ci amana. Lauya ya rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ƙungiya ta ajiye kwafi.

Inda rigima ta fi tashi shi ne gado. Amana ba hanyar kauce wa rabon da Allah ya yi ba ce. In uba ya ce kyauta ya yi wa 'ya'yansa baligai, a mazhabar Malikiyya sai sun karɓa a hannu yana raye da lafiyarsa. In makulli da katin zubi suna aljihunsa har ya rasu, kyautar ta warware, hannun jarin ya koma cikin gado: matarsa na da tumuni in akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Haka wanda mamba ya rubuta a fom don ya karɓi haƙƙinsa bayan rasuwa: mai riƙo ne kawai, kada sakatare ya miƙa masa komai sai ya kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a. Matan mamaci da marayu su ne ke shan wahala duk lokacin da aka yi sakaci a nan.

Sai batun fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka sauya suna a takardar mallaka sai da amincewarsa. Ya fi sauƙi takardar ta zauna da sunan ƙungiya har a gama biya, sannan a nemi canjin suna sau ɗaya.